Singafo zuwa New York: Tafiyar Awa 18 Ba Sauka

Masu kallo, tsakanin Singafo da ke kudu maso gabashin Asiya da birnin New York na Amurka akwai tazarar kilomita 15,300 da 'yan kai. Alhazan da suka taɓa tashi daga Kano zuwa Jidda su ninka wannan tafiya sau huɗu, har yanzu da saura. Kamfanin Singapore Airlines na cinye ta a tashi ɗaya, cikin awa 18 zuwa 19.

To, ta ina jirgin yake bi?

In ka shimfiɗa taswira, ido zai ce maka a miƙe kawai ta saman Tekun Fasifik. Taswirar ce ke yaudara, domin duniya a mulmule take. Samu lemo ka ɗiga tabo biyu, ɗaya a tsakiyarsa, ɗaya can bayansa daga sama, ka ja zare tsakaninsu ya yi tsam. Za ka ga zaren ya haura ta wajen kan lemon. Haka gajeriyar hanyar biranen nan take: tana yin arewa ta ratsa Sin da Rasha, ta gitta kusa da ƙuryar arewacin duniya mai ƙanƙara, sannan ta gangaro ta Kanada.

Sai dai matuƙa ba su cika bin ta ba, kuma iska ce sanadi. A can sama, wajen kilomita goma daga ƙasa, akwai wata iska mai kaɗawa daga yamma zuwa gabas, wadda gudunta kan wuce kilomita 200 a awa. In tana bayanka sai ta tura ka, in kuwa kun yi gaba da gaba, mai ne zai yi ta ƙonewa. Shi ya sa jirgin da ya bar Singafo yakan bi ta Japan da Alaska. Na dawowa kuma sau da yawa ba ya juyowa ta inda ya zo, gabas ɗin yake ci gaba da yi, ya haye Tekun Atlantika da Turai da Indiya. Hanyar kan zarce kilomita 16,000, amma an rage lokaci. Wannan lissafin kullum ake sake shi, gwargwadon hasashen yanayi.

Jirgin kansa, Airbus A350-900ULR, tankinsa na cin lita 165,000. Don a rage nauyi kujeru 161 kacal aka sa, babu ma ajin masu ƙaramin ƙarfi, kuma matuƙa huɗu ne ke karɓa-karɓa.

An fara wannan doguwar tafiya a 2004 zuwa filin jirgin Newark da ke dab da New York, da jirgin Airbus A340 mai injin huɗu. Tsadar mai ta sa aka dakatar a 2013, sai a 2018 aka dawo da ita da wannan mai injin biyu.