Hanta Ta San Inda Za Ta Tsaya

Wannan lacca ce da wani malamin kimiyyar halittu ya gabatar wa ɗalibai a Birnin Kebbi, aka rubuto ta daga rikodin.

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena da ke nan gaba, ɗalibai, barkanmu da warhaka.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mahauci da safe ya ga hanta: jajir, santsi, tana sheƙi a kan faranti. Girmanta daidai da dabbar da aka yanka. Ta rago ba ta kai ta sa ba. To wa ya gaya mata ta tsaya nan? Wannan tambaya ita ta hana ni barci tun ina ɗalibi.

A 1931 wasu masana biyu a Amurka, Higgins da Anderson, suka yanke kashi biyu cikin uku na hantar ɓera. Cikin kamar sati biyu, ragowar ta kumbura ta mayar da nauyinta na da. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsayawar da ta yi. Tana cike gurbi, sai ta ja birki.

An fara gano birkin nan ne a jikin ɗan ƙudan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro. Idan wata ƙwayar gado ta lalace, kansa sai ya yi ƙato, ya yi ninki-ninki kamar na dorina. Shi ya sa aka sa mata suna Hippo, wato dorina. 'Yan Yauri da ke cikin ɗakin nan, ba sai na kwatanta muku kan dorina ba.

Ga yadda abin yake. A cikin kowace ƙwayar hanta, wato ƙananan ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka yi hanta, akwai wani furotin, YAP. Aikinsa ya shiga tsakiyar ƙwayar ya ce mata, "Rabu biyu, ki hayayyafa." Su kuma Mst1 da Mst2, 'yan'uwan Hippo a jikin ɓera da mutum, su ke aika saƙon a tsare shi a waje. Kamar mai gadi ne da ɗan aike: in ƙwayoyi sun cika sun matsu, a rufe ƙofa.

A 2007 ɗakin binciken Duojia Pan a Jami'ar Johns Hopkins ya samar da ɓerayen da ake kunna musu YAP da magani a ruwan sha. Hantar da ta saba zama kashi 5 cikin 100 na nauyin jiki, cikin sati huɗu ta kai kusan 25. Ku duba, kwatan ɓera duk hanta! Da aka janye maganin, ta koma daidai. Waɗanda aka bar YAP ɗinsu yana ta aiki kuwa, sankarar hanta ta kama su.

Nan ne abin ya taɓa mu. Na yi jinyar kawuna, cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi ɗorawa, muna ta cewa sammu ne. Ciwon hanta nau'in B ne ya daɗe yana cinsa. Wannan cuta, da gubar afalatoksin ta gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a rumbu, shekara da shekaru suke raunata hanta, tana gyara kanta, tana sake gyarawa, har wata ƙwaya ta daina jin birki.

Ɓera ba mutum ba ne, kada wani ya fita ya ce an samo magani. Amma ana gwada magungunan da za su riƙe YAP. Malama, na ga hannunki a sama tun ɗazu, bismilla.