Lacca: Kasafin Kuɗin Jiha da Darasin Madatsar Tiga

Assalamu alaikum. Shugaban zama, malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, an ba ni batun yadda gwamnatin jiha ke raba kuɗinta domin bunƙasa arziki, kuma na yi niyyar kawo abubuwa uku: inda kuɗin ke fitowa, inda ake zuba shi, da batun gyaran abin da aka gina.

Na farkon ba zai ci mana lokaci ba. Jiha a Najeriya tana samun kasonta na wata-wata daga asusun tarayya, tana tara kuɗin shiga na cikin gida, in abin bai isa ba ta ci bashi, kuma yawancin jihohinmu na Arewa kason Abuja ne ke riƙe da su. Idan an biya albashi da fansho, abin da ya rage shi ne na manyan ayyuka, kuma a wannan ragowar ake gane hankalin gwamnati.

To, a nan nake so mu tsaya, mu koma Kano. An ƙirƙiri jihar a 1967, aka naɗa Kwamishinan 'Yansanda Audu Bako gwamna, ya riƙe ta har 1975. Mutumin nan ya dubi jiha mai ɗimbin manoma waɗanda damina ta 'yan watanni ce kaɗai ke ba su aiki, in ta wuce matasa su tafi cin rani, sai ya yanke cewa ruwa ne zai sha gaba. Aka yi madatsar ruwa ta Bagauda, aka fara ta Tiga a 1971 aka kammala a 1974, wato daidai shekarun da fari ya addabi ƙasashen Sahel, dabbobi suna mutuwa. Ku riƙe wannan, na baya can ina fata kuna jina: ana cikin fari gwamnati take haƙa wurin tara ruwa. Daga Tiga aka ja magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Yau duk wanda ya bi hanyar Zariya da rani zai ga shinkafa da alkama da tumatir, zai ga motoci suna lodi a Kwanar Gafan za su Kudu. Manomi ya samu, ɗan ƙwadago ya samu, mai casar shinkafa a Kura ya samu, direba ya samu, kuma daga hannun waɗannan gwamnati ke karɓar haraji. Ina maimaitawa, ruwa Audu Bako ya sa a gaba. Shekara hamsin ke nan kuɗin da aka kashe yana haihuwa. Ba na raina gadar sama, tana rage cunkoso, amma kafin a sa hannu a kwangila ya kamata majalisa ta tambaya: mutum nawa aikin nan zai ciyar bayan gwamna ya sauka?

Na uku shi ne gyara. Magudanar da ba a yashe ba toshewa take yi, makarantar da ba malami kango ce, amma kuɗin gyara shi ake fara yankewa saboda ba a bikin buɗe shi.

Na ga hannu. Bismilla, Malam.

(Wani mai sauraro ya ce shi mutumin Haɗeja ne, kuma madatsun da ake yabo su ne suka canza musu ruwan fadama.)

Malam, ka faɗi gaskiya, kuma na gode. Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Bayan Tiga, da kuma madatsar Challawa da aka gama a 1992, cikowar da ke malale fadamun Haɗeja da Nguru duk shekara ta ragu, ruwan da ake saki ba yankewa kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa, masunta da makiyaya da manoman fadama suka ji a jikinsu. Har zuwa 1991 Haɗeja tana cikin jihar Kano, saboda haka asarar ta 'yan gida ce, ya kamata a ce an lissafa ta tun ranar da aka lissafa ribar Kadawa. Yanzu kogin ya ratsa Kano da Jigawa da Yobe, madatsun suna hannun hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ta tarayya, don haka sai jihohin sun zauna da ita sun tsayar da lokacin sakin ruwa, kowace kuma ta ware kuɗin yashe kogi a kasafinta.