Wa Ke da Ikon Cewa "Na Yafe"?

Da zarar an saki fim ɗin iyali, sai ku ga mutane sun ɗauko hoton talla suna ƙirga fuskoki: ga mace, ga baƙar fata, ga kurma, ga tsoho, an wakilci kowa ke nan. To, a nan kuskuren yake.

Ko masu ba da kyautar fina-finai ta Oscar a Amurka, da suka sanar da ƙa'idojinsu na wakilci a 2020, suka fara aiki da su a bikin 2024, fannoni huɗu suka duba: 'yan wasa da labari, ma'aikatan bayan kyamara, horar da sababbin shiga, sai masu tallata fim. Biyu kawai ake so fim ya cika kafin ya nemi babbar kyautar, wato ta fim mafi kyau. Kun ga ana iya tsallakewa ba a taɓa labarin ba.

Mu je inda aikin yake, wato fitowar neman gafara.

Ga uba ya dawo wurin 'yar da ya yi watsi da ita tun tana ƙarama. Ku duba agogo. Shafi ɗaya na rubutun fim kusan minti ɗaya ne a allo. A ce fitowar shafi uku ce. Idan uban ya cinye biyu da rabi yana kuka yana kawo uzuri, ita kuma aka bar mata "ba komai, Baba", to yarinyar nan ba a wakilce ta ba, an dai ajiye ta ne don ta wanke shi.

Abu uku ake nema. Na farko, a kira laifin da sunansa. "Ki yafe mini abin da ya faru" ba ɗaya yake da "na tafi na bar ki" ba. Na biyu, ita ma ta faɗi abin da tafiyarsa ta jawo mata, da bakinta, ba wata gwaggo ta faɗa a madadinta ba. Na uku, wanda marubuta suka fi jin tsoro, ta sami damar cewa "ba yanzu ba". Ni a ganina, idan ba ta da ikon ƙi, yafewar ba tata ba ce.

Yanzu ku lura da kyamara. Yana magana, amma fuskar wa muke gani? Mai tace hoto ne ke yanke wannan. Ya tsaya a kan hawayen uban, tausayinmu ya koma can. Ya tsaya a kanta, mu ga leɓenta na rawa, hannunta ya damƙe bakin kujera, labarin ya zama nata. Kiɗa ma haka: aka sako shi kafin ta buɗe baki, an riga an yafe a madadinta.

Sauran a gurguje. Idan kurma ce, kada a matso da kyamara har hannayenta su fita daga hoto, domin su ne bakinta, kuma a nemo kurma ta gaske ta hau matsayin. Idan fatar 'yan wasan ta bambanta, a gwada haske a kan kowace fuska kafin ranar ɗauka. In ba haka ba, fuskar mai duhun fata za ta nutse daidai lokacin da ake so a karanta ta.