Lasifika Ɗaya Tak: Yadda Ake Haɗa Mata Akwati, da Yadda Ake Tayar da Tsohuwa

Jama'a barkanmu da warhaka. Wannan akwatin da kuke gani a kan tebur, lasifika ɗaya ce tak a cikinsa. Babu ƙaramar tuwita mai fitar da siririn sauti a sama, babu ƙatuwar wufa mai fitar da kauri a ƙasa. In kuka leƙa ciki ma ba za ku ga allon nan mai raba sauti ba, wato kirosoba. Waya biyu ce ta taso daga amfilifaya ta shiga lasifikar kai tsaye. Ita ke fitar da kaurin ganga, ita ke fitar da muryar mawaƙi, ita kuma ke fitar da siririn ƙaran ƙararrawa. Mutane da dama a duniya sun mai da haɗa irin wannan akwati abin sha'awarsu: su yanka katako da hannunsu, ko su nemo tsohuwar lasifika da ta mutu su tashe ta.

Ga yadda take a buɗe. Maganaɗisu a baya, da ɗan siririn rami zagaye a tsakiyarsa. A cikin ramin akwai koyil, wato siririyar waya da aka naɗa a kan ɗan bututu, bututun kuma manne yake da wannan takarda mai siffar mazurari. Wuta ta bi ta koyil, koyil ya motsa gaba da baya, takarda ta tura iska, kunne ya ji. Wannan tsari tun 1925 yake, lokacin da Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka bayyana shi, kuma har yau kusan kowace lasifika a kansa take.

To ina matsalar? Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga hazi 20 zuwa hazi 20,000, wato yawan kaɗawar iska a daƙiƙa ɗaya. Sauti mai kauri yana son takarda mai faɗi wadda za ta tura iska da yawa. Siririn sauti kuwa yana son abu ƙarami maras nauyi, wanda zai iya kaɗawa sau dubu goma sha a daƙiƙa. Takarda ɗaya ba za ta cika duka biyun ba. Shi ya sa kamfanoni suke raba aikin, kowace lasifika da rabonta.

Sai dai rabon ma yana da nasa kuɗin fansa. A akwati mai lasifika biyu, yawanci ana raba sautin ne wajen hazi 2,000 zuwa 3,000, daidai inda kunnen mutum ya fi kaifi. Murya ɗaya sai ta riƙa fitowa daga wuri biyu, wani sashe daga ƙasa, wani daga sama. Mai lasifika ɗaya ya huta da wannan. Komai daga wuri ɗaya yake tasowa, a lokaci ɗaya. In ka zauna tsakanin akwati biyu irin wannan, aka sa waƙar da murya ce da jita kawai, za ka iya nuna inda mawaƙin yake tsaye da yatsa. A ganina wannan ne kaɗai dalilin da ya isa mutum ya shiga wahalar. Wanda kuma yake son kiɗan da zai girgiza tagogi, gaskiya ya nemi wata hanyar.

Girman lasifikar ma zaɓi ne tsakanin rashi biyu. Mai inci 3 ko 4 tana da daɗin siririn sauti, tana baza shi ko'ina a ɗaki, amma kaurinta kaɗan ne. Mai inci 8 ta fi kauri da ƙarfi, sai dai daga wajen hazi 2,000 zuwa sama tana fara harba sautin gaba kawai. Ka gusa gefe kaɗan, sai ka ji ya dushe. Dalili shi ne tsawon igiyar sautin a nan ya fi faɗin takardar gajarta. Kun ga wannan ƙaramin mazurarin da ke tsakiyar babbar takardar? Maganin da aka nemo ke nan. Manne yake da koyil kai tsaye, don haka in babbar takardar ta gaza bin saurin kaɗawa, shi yana bi. Paul Voigt a Ingila ya yi aiki da wannan dabara a shekarun 1930, kamfanin Lowther kuma ya ci gaba da ita. A Japan, Fostex ya yi suna da irin waɗannan lasifiku, kuma Tetsuo Nagaoka ya shafe shekaru yana zana musu akwatuna masu lanƙwasasshiyar hanya a ciki, mutane suna haɗawa a gidajensu.

Wani abin da ke jan mutane shi ne rashin cin wuta. Takarda maras nauyi da maganaɗisu mai ƙarfi suna ba da ƙara sosai da wat ɗaya. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara, kuma duk ƙarin desibel 3, daidai yake da ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu. Ke nan lasifikar da ke ba da desibel 95 da wat ɗaya, mai ba da 86 sai ta sha wat 8 kafin ta kamo ta. Shi ya sa masu ƙananan amfilifaya na kwan gilashi, masu wat biyu ko uku, suke mutuwar son su.

Yanzu akwati. In takarda ta tura iska ta gaba, ta baya janyowa take yi. Ba tare da shamaki ba, iskar gaba sai ta zagaya ta cike gurbin ta baya, kaurin sautin ya ɓace. Aikin akwati na farko ke nan, raba gaba da baya. Amma ba a fara yanka katako sannan a nemi lasifika. Lasifika ake fara zaɓa, a karanta takardar bayananta. Lambobi uku za ku nema: Fs, Qts da Vas. Neville Thiele na Ostareliya ne ya shimfiɗa lissafin a 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi a farkon shekarun 1970. Fs shi ne inda takardar take kaɗawa da kanta cikin sauƙi. Vas yana nuna laushinta, a lita. Qts kuma yana nuna yadda maganaɗisun yake riƙe ta. In Qts bai kai 0.4 ba, akwati mai ƙofar iska ko mai doguwar hanya ya fi dacewa. Daga 0.4 zuwa 0.7, rufaffen akwati. In ya haura haka, ana iya ɗaura ta a kan faffaɗan allo kawai, baya a buɗe.

Mu ɗauki misali. Lasifika mai Qts 0.5, Vas lita 10, Fs hazi 70. Ka sa ta a rufaffen akwati mai lita 10, iskar da ke ciki za ta ƙara mata tauri, kaɗawarta ta hau zuwa wajen hazi 99, Qts ɗin nan kuma, a cikin akwatin, ya koma 0.7, wanda shi ake so. Sautin zai fito a natse, amma ƙasa da hazi 99 zai riƙa raguwa. Mai son ƙarin kauri sai ya huda ƙofar iska da bututu. Hattara dai: ƙasa da inda aka saita bututun, babu abin da ke riƙe takardar, sai ta riƙa lilo a banza, kuma irin waɗannan lasifiku da yawansu milimita ɗaya ko biyu kawai suke iya tafiya lafiya.

Wanda na fi so shi ne dogon bututu. Sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa. Tsawon igiyar hazi 50 ya kusa mita 7, rubu'insa kuma wajen mita 1.7. Ka yi hanya mai wannan tsawon a bayan lasifikar, rufe a gefe ɗaya, buɗe a ɗayan, sai ta taimaka wa takardar a daidai wannan wurin. Ana naɗe hanyar gida biyu don kada akwatin ya fi mutum tsawo. Bututun yana da wasu amo da ba a so a sama, sai a cusa ulu ko audugar matashi a sashen da ke kusa da lasifikar. A nan kunne ke aiki: in ta yi yawa kaurin ya mutu, in ta yi kaɗan murya ta riƙa amsa kuwwa.

Aikin katakon ba wani sirri. Filawud ko MDF, wato allon da aka yi da matsattsen garin katako, mai kaurin milimita 18, gam a kowane haɗi, a matse har ya bushe, a sa ƙarin sanduna a ciki don kada bangon ya riƙa rawa. A sa abin rufe hanci in ana yanka MDF, ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu. Abu ɗaya da ake yawan mantawa: a fere bakin ramin lasifikar ta ciki, ya buɗe, don bayan takardar ya samu numfashi.

Mu koma ga tsohuwa. Ga wata nan. Kafin komai, a ɗora mitar gwajin lantarki a kan tasoshinta biyu, wato inda ake ɗaura waya. Mai om 8 za ta nuna tsakanin 5 da 7. In ba ta nuna komai ba, kada a yi saurin cewa koyil ya ƙone. A duba waɗannan sirarun wayoyi biyu masu laushi da suka taso daga tasha zuwa takarda, sau da yawa su ne suka gaji suka tsinke, kuma ana canza su da ɗan liƙin dalma. Sai a baza yatsu daidai wa daida a kan takardar a danna a hankali. In an ji ƙarar gogayya, ko koyil ya karkace, ko ɓarɓashin ƙarfe ya shiga ramin.

Ku dubi gefen nan da ya zagaye takardar, ya haɗa ta da ƙarfen lasifikar. Soso ne, kuma da na taɓa shi sai ya zube. Bayan shekara goma sha zuwa ashirin haka yake yi. A kankare tsohon daga jikin ƙarfen da wuƙa, a goge da sifirit. Gefen takardar kuwa da ɗan yatsa ake murza shi, sannu sannu, don tsohuwar takarda ba ta da wuyar yagewa. Sabon soson, gefensa na ciki ake fara mannawa da takarda, a bar shi ya bushe. Na wajen shi ne mai wuya, domin shi ke tsayar da koyil a tsakiyar ramin, kuma tazarar da ke tsakanin koyil da ƙarfe ba ta kai rabin milimita ba. Wasu sukan yanke hular tsakiya su zura siraran yankan roba ko kati zagaye da koyil don su riƙe shi. In ƙaramin mazurarin nan ya tare hanya, sai a sa sautin hazi 40 ko 50 a hankali yayin da gam ɗin yake ɗanye, a riƙa gyara zaman soson har gogayyar ta ɗauke, sannan a danne.

Yagewar takarda ana liƙe ta ta baya da siririyar takarda da farin gam da aka tsinka da ruwa. Kada a shafa mata fenti ko banis don ta yi kyau. Duk nauyin da aka ƙara mata, daga siririn sautinta aka cire. Ɓarɓashin ƙarfe kuma da salatif ake kamo shi, a naɗe gefen mai danƙo ta waje a zagaya ramin. In maganaɗisun na alniko ne, wato haɗin ƙarafa mai kobal a ciki, irin na da, a kiyaye kada ya faɗi ƙasa, bugu yana rage masa ƙarfi. Tun da rikicin Zayar (Kongo ta yanzu) na 1978 ya sa ƙarfen kobal ya yi tsada, kamfanoni da yawa suka koma wani maganaɗisu mai arha da ake kira feraiti, shi ya sa masu neman tsofaffi suke rububin na alniko.

In lasifikun biyu ne, a canza wa duka biyun soso, ko da ɗaya ce ta zube, don laushinsu ya zo ɗaya. Kafin a rufe akwati, a taɓa tasoshin da batir mai bolt 1.5. Tashar da in kan batirin mai alamar + ya taɓa ta takarda ta yunƙuro gaba, ita ce ta jar waya, kuma haka za a ɗaura a akwatin hagu da na dama. Bayan an rufe, a sa kiɗa mai kauri, a juyo akwatunan suna fuskantar juna kusa da kusa. In kaurin ya ƙaru, ɗaurin daidai ne. In ya ragu, a sauya wayoyin ɗaya daga cikinsu.