Mun saya wa iyayenmu waya, saura mu koya musu

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam Shugaba, iyayen ƙungiya, malamanmu, 'yan uwana Sakkwatawa maza da mata mazauna Ingila, sannunku da zuwa, sannunku da haƙuri da wannan sanyi.

Bara da azumi na aika wa Innata kuɗin cefane a Gwadabawa. Kwana biyu da shigar kuɗin, wani ya kira ta da Hausarsa tsaf, ya ce daga banki yake, za a rufe asusunta in ba ta karanto masa lambar da aka turo mata yanzun nan ba. Inna ba ta yi boko ba. Ta kira jikanta ɗan firamare, yaro ya karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar babu ko kwabo. Da na kira ta, abin da ta ce kawai shi ne, "Ɗana, ni ban san abin da nika dannawa ba." Kunyar ta fi kuɗin yi mata ciwo. Ni na sayi wayar, ni na sa aka buɗe asusun, amma ban taɓa zama na koya mata komai ba. Na tabbata a ɗakin nan akwai masu irin wannan labari.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 harkar gida ta koma tiransifa da POS. Ga lambar BVN, ga NIN da aka ce a haɗa da layi, kowace lamba 11 ce. Dattijon da ya shekara arba'in yana cinikin albasa da ka, lissafi bai taɓa kuɓuce masa ba, yau sai ya miƙa wa yaro katinsa har da lambar sirri.

Darussan suna nan a intanet, kyauta. A ƙasar nan akwai Learn My Way, da ke fara wa babba daga taɓa fuskar waya har zuwa gane saƙon damfara. A YouTube akwai matasanmu da ke bayani da Hausa. Google Translate na da Hausa tun 2013, kuma Gboard, madannin rubutu na waya, na da ɓ da ɗ da ƙ. A gida, hukumar NITDA mai kula da bunƙasa fasahar sadarwa ta ce burinta kashi 95 cikin 100 na 'yan Najeriya su iya aiki da na'ura nan da 2030. Allah ya cika musu buri. Sai dai yawancin darussan da Turanci suke, kuma an tsara su ne don wanda ya riga ya iya karatu. Inna ba za ta neme su ba, ba ta ma san suna nan ba. Abin da take bukata mutum ne a gefenta kan tabarma.

Kuma mu Sakkwatawa ba baƙi ba ne a wannan aiki. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira matan ƙauye su zo birni ba. Ta zaɓi jajis, wato mata jagorori, ta ɗora musu malfa, ta koya musu karatu cikin waƙa da harshen da mata ke ji, suka shiga gida gida. Su ne 'Yan Taru. Tsarin nan nake roƙo mu ɗauko.

Kowannenmu ya ɗauki mutum ɗaya a gida. Ranar Lahadi, a kiran bidiyo na WhatsApp, a koya abu guda tak: yadda ake duba kuɗin da ya rage, ko tura saƙon murya, ko toshe lambar ɓarawo. Darasin farko kuwa ɗaya ne ga kowa, banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar sirri. Mu ɗauki darussan nan na Turanci mu mayar da su saƙon murya na minti biyu da Sakkwatanci, yadda kowa nan da nan zai ji. Ƙungiya kuma ta cire wani abu daga asusu don data da ɗan alawus, mu samu 'yan mata masu sakandare da iyaye suka yarda da su, su riƙa shiga gidaje, don namiji ba zai shiga ba. Mu fara da gari biyu cikin ƙananan hukumomi 23 na jihar Sakkwato, in ya kama sai mu ƙara.

Takarda tana hannun Sakatare. A rubuta suna, da garin da za a fara, da wanda za a koya wa. Na rubuta na Inna a layin farko.

Wassalamu alaikum.