Amsoshin Tambayoyinku: Tankin Ruwan Gidan Haya

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan ruwa suka tsaya, to bari mu ɗauko ta farko.

Wani bawan Allah ne daga Ƙofar Ƙaura a nan Katsina. Ya ce su magidanta goma sha biyu ne ke shan ruwan tanki ɗaya, shekara uku ba a taɓa wanke shi ba. Da ya yi magana, sai wani dattijo a gidan ya ce ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su sauya ba, ai mai tsarki ne. Yana tambaya, haka ne?

Malam, Baba bai yi kuskure ba, amma hukuncin alwala ya faɗa maka. Ruwa yakan halatta a yi tsarki da shi, a sha shi kuma a kwanta asibiti. Ƙwayoyin kwalara da na taifot ba su sauya wa ruwa kama, garau za ka gan shi. Wanda ya ga yadda amai da gudawa ya yi ɓarna a jihar nan a daminar 2021 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ko daga madatsar ruwan Ajiwa ruwan ya zo, ko injin samo ne ya jawo shi daga burtsatse, yakan taho da laka, lakar ta kwanta a gindin tanki, a nan ƙwayoyin cuta ke samun mafaka. Idan murfin ya fashe kuwa, ga ƙurar hunturu, ga kashin tsuntsu, ga ƙadangaren da ya faɗa bai fito ba.

Don haka a wanke shi duk bayan wata shida. A zubar da ruwan, a kwashe lakar, a goge bangon ciki da burushi mai doguwar ƙota, a ɗauraye. Sai a zuba ruwa ya kai rubu'in tankin, a barbaɗa garin kulorin mai ƙarfi, giram 80 ga kowace lita 1,000 ta girman tankin, a cika shi, a rufe, a bar shi awa 24. Wannan ruwan ba na sha ba ne, a buɗe famfunan gida ya bi ta bututu ya fita, sannan a sake cikawa. Don Allah kada a tura yaro cikin tanki shi kaɗai, kuma kada a haɗa kulorin da ruwan wanke masai, hayaƙin da ke tashi yana shaƙe mutum.

Amma ni a ganina, Malam, matsalarku ba ta burushi ba ce. Mutum goma sha biyu, kowa na jiran wani ya fara, mai gidan kuma sai lokacin karɓar haya ake ganinsa. Ku zauna bayan sallar isha'i, ku ba mutum ɗaya amanar tankin, ku ɗora ɗan wani abu a kan kuɗin man janareto da kuke tarawa. Ku tsayar da lokaci biyu da ba a mantawa, kafin saukar damina da bayan ɗaukewarta, a rubuta ranar wanki da fenti a jikin tankin, kowa ya gani. Makullin murfi kuma ya zauna a hannun mai amanar.

Sai wata Hajiya daga Daura, tana cewa tankinsu fari ne, cikinsa ya yi kore, ko alif zai yi magani?

Hajiya, gansakuka ce, hasken rana da ke ratsa farin tanki ne ke rayar da ita. A wanke, a yi masa rumfa, in da hali a sauya da baƙi. Alif kuwa datti kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Kafin a wanke, ruwan da yara za su sha a tafasa shi. A kuma ɗaure raga a bakin bututun da ruwa ke zuba idan tanki ya cika, don ta nan sauro ke shiga ya yi ƙwai.

Akwai wasiƙa daga Dutsin-Ma a kan jarkokin 'yan ga-ruwa, ita za mu fara da ita mako mai zuwa in Allah ya kai mu.