Lissafin ƙarshen wata: yadda za ka san abin da ya burge ka da gaske

'Yan'uwa maza da mata, barkanmu da haɗuwa. Abin da za mu tattauna yau da yawanku kuna yin sa, ko kuna karanta na wasu. Wata ya ƙare, mutum ya zauna ya jero waƙar da ta fi ratsa shi, gidan abincin da ya ci har ya yi santi, da fim ɗin da ya ɓata masa lokaci. Aiki ne mai kyau, kuma ina so ya ɗore. Sai dai galibin irin wannan jeri ba na wata ba ne, na makon ƙarshe ne. In aka tare ka ranar 30 ga wata aka ce me ka ci ranar 4, da wuya ka tuna.

Ba mantuwa kaɗai ba ce, ƙwaƙwalwa tana da nata son kai. A 1993 masanin halayyar ɗan Adam Daniel Kahneman da abokan aikinsa sun sa mutane su tsoma hannu cikin ruwan sanyi mai digiri 14 na tsawon daƙiƙa 60. A wani zagayen suka yi daƙiƙa 60 ɗin, aka ƙara musu wasu 30 ana ɗan ɗumama ruwan zuwa digiri 15. Da aka ce su zaɓi wanda za su maimaita, akasarinsu suka zaɓi mai tsawon, alhali wahalarsa ta fi yawa. Abin da ya zauna musu a kai shi ne inda abin ya fi tsanani da yadda ya ƙare. Haka fim mai jan ƙafa na awa biyu yake tsira saboda minti goman ƙarshe, haka kuma abinci mai kyau yake faɗuwa saboda an daɗe ba a kawo maka lissafin kuɗi ba.

Don haka rubutun ba a ƙarshen wata yake farawa ba. A ranar ake yin sa, kafin awa guda ta wuce, a littafi ko a waya. Ka sa kwanan wata, da sunan abin, da halin da kake ciki: da yunwa ka je, a gajiye kake, kai kaɗai ne ko da abokai. Sai jumla ɗaya ta dalili. "Ya yi daɗi" ba dalili ba ne. "Naman ya yi laushi har ciki, amma gishiri ya yi yawa a miyar", wannan dalili ne, bayan wata uku ma za ka karanta ka gane. Maki kuwa ba na ba da shawarar taurari biyar. YouTube ya daina amfani da su a 2010, bayan ya lura kusan kowa biyar ɗin yake dannawa, Netflix ma ya ajiye nasa a 2017. Hukunci uku sun isa: zan koma, ba zan koma ba, sai na sake gwadawa.

To, mu shiga waƙa. Bahaushe ya ce sabo turken wawa, kuma masana sun gwada sun gani. Tun 1968 Robert Zajonc ya nuna cewa yawan cin karo da abu kawai yana sa mutum ya ƙara son sa. Waƙar da ka ji a mota, ka ji a shago, ka ji a bidiyon mutum ashirin, za ka wayi gari kana rera amshinta, kana zaton zaɓinka ce. Ita kuma sabuwar waƙa mai salon da kunnenka bai saba da shi ba, jin farko sai ta yi maka bambaraƙwai. Saboda haka kada ka yanke wa waƙa hukunci sai ka ji ta sau uku a ranaku uku daban-daban, sau ɗaya aƙalla da abin sawa a kunne, sau ɗaya a sifika. Lasifikar waya ƙarama ce, ba ta iya fitar da kaurin ganga, waƙar da aka gina a kan wannan kaurin sai ta fito maka fayau, ka ɗora wa mawaƙi laifin da ba nasa ba.

Akwai kuma yaudarar ƙara. Fletcher da Munson sun auna a 1933 cewa in sauti ya yi ƙasa, kunnen ɗan Adam ba ya kama kauri da siranta sosai kamar yadda yake kama tsaka-tsaki. Ma'ana in ka kunna waƙoƙi biyu, wadda ta ɗan fi ƙara za ta yi kamar ta fi cika. Manhajoji irin su Spotify suna da wurin daidaita ƙarar waƙoƙi, ka kunna shi kafin ka kwatanta, kuma kada ka taɓa maɓallin ƙara tsakanin waƙa da waƙa. A nan bari in tsaya in roƙe ku: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar desibel 80, wato ma'aunin ƙarfin sauti, na awa 40 a mako ga babba. In na kusa da kai yana jin abin da ke cikin kunnenka, ka rage.

Kada kuma ka bar manhaja ta yi maka lissafin. Spotify yana ƙirga waƙa da zarar ta yi daƙiƙa 30 tana tashi, ko kana saurare, ko barci ya ɗauke ka ta ci gaba da juyawa har asuba. Alƙalumanta abin da ya kaɗa suke nunawa, ba abin da ka so ba. Wacce waƙa ce ka rubuta sunanta da yatsanka ka nemo? Wacce ce take zuwa ka tsallake tun kafin murya ta shigo? A nan gaskiyar take. In kuma waƙa ta gundure ka saboda ka ji ta sau 40 cikin mako biyu, ka ajiye ta kwana 7 ka dawo, kafin ka jefa ta cikin waɗanda ba ka so.

Abinci shi ya fi wuyar hukunci, don ba a mayar da shi baya a sake ji. Yunwa tana ƙara wa komai daɗi, ƙoshi kuma yana rage masa. Barbara Rolls da abokan aikinta sun nuna a 1981 cewa daɗin abu yana raguwa yayin da kake cin sa, alhali sha'awar wani ɗanɗanon daban tana nan daram. Shi ya sa wanda ya ce ya ƙoshi yake samun wurin kayan zaƙi. To ka lura da loma ta uku, lokacin da zafin yunwa ya ɗan lafa, sannan ka lura da ta ƙarshe. Abincin da ya burge ka a loma ta uku amma ya ginshe ka kafin rabin faranti, yawanci mai ne ko zaƙi ya yi masa yawa, babu ɗan tsamin da zai yanke shi.

Ga gwajin da za ka yi a kan teburi ba tare da kowa ya lura ba. An kawo miya, ka ɗanɗana, ka ji ta lami. Ɗebi cokali ɗaya, ka barbaɗa masa gishiri ɗan kaɗan, abin da yatsu biyu za su tsinta. In ɗanɗanon ya farka, girkin lafiya lau yake, hannun gishiri ne ya gaza. In bai farka ba, ɗebi wani cokalin ka ɗiga masa lemon tsami. In nan ma shiru, to matsalar daga tushe take: an tsinka romon da ruwa, ko ba a bar albasa ta soyu ba kafin a zuba sauran kaya. Ka ga yanzu kana da abin rubutawa.

Ranar da kake mura kada ka yi hukunci, don babban rabon abin da muke kira ɗanɗano ta hanci yake zuwa. Ka fara da marar yaji kafin mai yaji, saboda zafin barkono ba ɗanɗano ba ne, ƙuna ce, in ta kama harshe sai ta rufe abin da ya biyo baya, ruwa kuma ba ya wanke ta sosai, madara ta fi. Soyayyen abu da aka kawo maka gida a rufaffiyar roba, tururinsa ne ya koma masa ya kashe ƙarashinsa, laifin hanya ne ba na mai girki ba. Sannan zuwa ɗaya ba ya isa. Masu duba gidajen abinci na Michelin, kamfanin da ke fitar da littafin tantance gidajen abinci, ba sa bayyana kansu, su suke biyan kuɗin abin da suka ci, kuma cikin ma'aunansu biyar akwai ɗorewar inganci daga wannan ziyara zuwa ta gaba. Kai ba sai ka kai haka ba, amma ka je sau biyu: ranar cunkoso da ranar da babu mutane. Ka raba hukuncin abinci da na tarba da na tsafta, kowanne layinsa daban.

Fim da shirye-shirye masu dogon zango, babbar cutarsu bin yarima a sha kiɗa. A 2006 Salganik da Dodds da Watts sun gwada mutum sama da 14,000 da waƙoƙi 48 na mawaƙan da ba a sani ba. An raba su rukuni-rukuni, wasu suna ganin yawan waɗanda suka sauke kowace waƙa. Waƙa ɗaya sai ta hau sama a wannan rukuni, ta zauna ƙasa a wancan, gwargwadon wadda aka fara yi wa rububi. Don haka ka rubuta naka kafin ka leƙa abin da jama'a ke cewa. Shiri mai dogon zango ka kalli kashi uku na farko, in bai kama ka ba ka rubuta a wane minti hannunka ya fara neman waya.

Ɓangaren abin da ba ka so shi ya fi buƙatar adalci. "Bai yi ba" daban, "bai yi mini ba" daban, abincin wani gubar wani. Naman da ya bushe saboda ya wuce lokaci a wuta, bai yi ba. Salon kiɗan da ba ya shiga ranka, kai ne bai yi wa ba. In halin mawaƙi ko ɗan wasa ne ya sa ka ƙi aikinsa, haƙƙinka ne, amma ka faɗi haka, kada ka ce muryarsa ce ta lalace. Ƙaramin gidan abinci kuma bakin mutane yake ci da shi, ka fara gaya wa masu shi abin da ka gani kafin ka baza wa duniya. In kyauta aka ba ka, ka faɗa tun a layin farko.

Ranar ƙarshe ta wata, minti 30 ya isa. Ka karanta abin da ka tara, ka sake kunna waƙoƙi biyar na sama a jere da ƙara ɗaya, ka fitar da gwanaye uku da koma-baya biyu, kowanne da dalilinsa. Waɗanda ka ce sai ka sake gwadawa su tsallaka wata mai zuwa, sau ɗaya tak. Bayan wata uku ka dawo kan jerin ka ja layi ƙarƙashin abin da har yanzu kake nema da kanka.

Wata 'yar'uwa daga baya ta tambaya: in wata ya ƙare babu waƙar da ta kai ta shiga jerin fa? Malama, ki bar gurbin a buɗe, ki rubuta "babu". In hakan ya faru wata biyu a jere, ki duba daga ina waƙoƙin suke zuwar miki. In duk manhaja ce ke zaɓo miki, wata na uku ki nemi mutum biyu masu kunne daban da naki, kowa ya ba ki waƙa biyar.